NIN ta ce 2004, Umma ta ce 2002: wace takardar haihuwa zan nema?

Assalamu alaikum, Kawu. Ni matashi ne a Kano, na gama difloma, yanzu kuma Allah ya buɗa mini wata hanya ta ƙaro karatu a Masar. Cikin takardun da aka nema har da takardar haihuwa wadda hukuma ta tabbatar. A gida aka haife ni, ungozoma ce ta karɓi haihuwar, mahaifinmu kuma ya rasu shekara shida ke nan. Na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu, wani mutum ya tare ni tun daga bakin ƙofa, ya karɓi naira dubu bakwai, washegari ya miƙo mini takarda mai hatimi. Da na kai, aka ce ba ita ake nufi ba, ta NPC ake so.

Babbar damuwata ma ba wannan ba ce. A sakamakona na WAEC an rubuta 15 ga Yuni, 2002, kuma Baba ne ya ba makaranta wannan ranar. A NIN kuwa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, 1 ga Janairu, 2004 aka sa, don lokacin da ake rububin haɗa layin waya da NIN, yaron da ya cike mini ya ce in rage shekaru, ni kuma na biye masa. Takardar da aka yo mini a sakatariya NIN ɗin ta bi. Umma ta ce tana da tsohon cikina jirgin sama ya faɗi a Gwammaja, kuma ta haife ni bayan Takutaha da kamar mako biyu. Abokina ya ce in kai ta kotu kawai ta rantse a kan 2004, tunda gyaran NIN akwai tsada, kuma shekara biyun za ta yi mini amfani wajen neman aiki. Saura wata uku a rufe karɓar takardu. Kawu, ina zan dosa?

Ɗanka, daga Kano.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa wannan karatu ya zama alheri gare ka da Umma.

Bari in fara da abin da ya fi sauƙi, wato ofishin da za ka nufa, domin a nan ne aka ci kuɗinka. Ka je wuri daidai, amma ka faɗa hannun da ba daidai ba. Hukumar da doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa a Najeriya ita ce Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ake kira NPC. Dokar da ta tilasta wannan rajista ita ce mai lamba 69 ta shekarar 1992. Hukumar ta tarayya ce, amma tana da ma'aikata a kowace ƙaramar hukuma, kuma sau da yawa ofishinsu yana cikin sakatariya ko kusa da ita, wasu kuma suna zama a asibitoci da ɗakunan shan magani. Shi ya sa mutane ke cewa “na karɓo a lokal gwamman”, alhali wanda ya sa hannu ba ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ne. Mutumin da ya tare ka a ƙofa da wannan ruɗani yake cin abinci.

Ruɗanin kuma yana da asali, ba jahilcin mutane kaɗai ba ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, sannan shi ɗin dai ya ba Hukumar Ƙidaya aikin kafa tsarin rajistar haihuwa da mutuwa na ƙasa baki ɗaya. Kafin dokar 1992 kuwa, ƙananan hukumomi da asibitoci ne ke ba da irin waɗannan takardu, shi ya sa za ka ga iyayenku da su suke amfani. Har gobe wasu ƙananan hukumomin suna buga tasu. Amma kai ba muhawarar doka ce ta kawo ka ba. Wanda zai karɓi takardarka, ko ofishin fasfo, ko ofishin jakadanci, ko makaranta a waje, ta NPC ya sani ga wanda aka haifa bayan 1992. Saboda haka wannan ta dubu bakwai, ka ninke ta ka ajiye a gida, kada ka ƙara miƙa wa kowa. Ranar da ke jikinta ba taka ba ce, kuma duk inda ka shigar da ita ka bar wa kanka shaidar da za ta ƙaryata ka nan gaba.

Akwai wata takarda ta ƙaramar hukuma da za ka buƙata, kada ka haɗa su. Ita ce takardar shaidar ɗan asali, wadda ake kira indijin. Wannan kam ta ƙaramar hukuma ce tsantsa, kuma ana nemanta wajen yin fasfo. Ita tana faɗin inda asalinku yake ne, takardar haihuwa kuwa tana faɗin inda aka haife ka da ranar da aka haife ka. Mutum yana iya zama haifaffen Kano amma indijin ɗinsa na Jigawa ko Katsina, babu saɓani a ciki. Na sha ganin yara suna cike gurbin wurin haihuwa da sunan garin kakansu don suna tsoron kada takardun biyu su bambanta. Ba a son haka. Inda cibiyarka take, nan za ka rubuta.

To, kafin ka taka zuwa kowane ofishi, akwai aikin gida. Ka zauna da Umma ku buɗe akwatinta da duk inda Baba yake ajiye takardu. Haihuwar gida ba ta nufin ba a yi maka rajista ba. Yara da yawa a wurin allurar rigakafi aka yi musu, uwa ta karɓi takardar ta cusa cikin katin awo, shekaru suka binne ta. Ku nemi katin rigakafinka, katin awon cikinka, takardar gama firamare, da kowane littafi da Baba ke rubuta haihuwar 'ya'yansa. Dattawa da yawa a bayan bangon wani littafi ko cikin ƙaramin kundi suke rubutawa, wani da boko wani da ajami. Idan kuka dace da tsohuwar takardar NPC, aikinka ya ragu sosai: ba sabuwar rajista za ka yi ba, ita za ka ɗauka ka kai ofishin hukumar na jiha ka nemi a tabbatar da ita ko a ba ka kwafin da aka buga wa hatimin tabbaci. Idan Umma ta tuna an yi amma ta ɓata, ka faɗa musu wurin da aka yi da shekarar, za su nemi takardar rantsuwar ɓacewa, wani lokaci har da rahoton 'yan sanda, sannan a duba rajista. Mutum ɗaya ba ya rajistar haihuwa sau biyu.

Idan kuma ba ku samu komai ba, ga yadda abin yake. Takardar haihuwa irin wadda ake ba jarirai, ta yara ce 'yan ƙasa da shekara 18. Wanda ya kai 18 bai taɓa yin rajista ba, abin da hukumar ke ba shi shi ne takardar tabbatar da haihuwa, wadda a bakin ma'aikata za ka ji ana cewa atesteshan. Da wannan sunan za ka tambaya, don kada a yi ta juya ka. Ita ce ke zama a madadin takardar haihuwa ga manya, kuma gininta a kan takardar rantsuwar shekaru yake, wadda ake yi a kotu. Nan ne maganar abokinka ta shigo, kuma nan nake so mu daɗe.

Ɗana, ka san ranar haihuwarka. Mutane da yawa da ke rubuto mini ba su da wannan gatan. Jirgin da Umma ke magana ya faɗi a Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002, babu wanda ya zauna a Kano a lokacin da zai manta. Mauludin wannan shekarar, 1423 ta Hijira, a ƙarshen watan Mayu ya faɗo, Takutaha kuma mako guda bayansa. Ƙara mako biyun da ta ce, ka ga ka sauka a tsakiyar Yuni. Abin da Baba ya ba makaranta ke nan, 15 ga Yuni, 2002. Shaidu biyu ne da ba su haɗa baki ba: uba da ya rubuta, da uwa da ta tuna da abin da idonta ya gani. Ita kuwa 1 ga Janairu, 2004, wa ya haife ta? Wani yaro a gaban kwamfuta cikin cunkoson da ya biyo bayan umarnin haɗa layi da NIN na Disamban 2020. Ba za a ajiye maganar iyaye a ɗauki tasa ba.

Ka kuma duba abin da abokinka yake ce maka ka yi. Takardar rantsuwar shekaru ba kai kake yin ta ba. Wanda ya girme ka, wanda ya san haihuwarka, shi ke tsayawa gaban kwamishinan rantsuwa ya ce abin da ke cikin takardar gaskiya ne. Wato Umma za ka ɗauka, ka hau da ita adaidaita sahu, ka kai ta kotu, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a kan cewa ta haife ka a ranar da ita ta san ba ta haife ka ba. A dokar ƙasa wannan laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. A addini kuma ka san matsayin shaidar zur, an jera ta cikin manyan zunubai. Ko da babu wanda zai taɓa ganewa, ban yarda ɗa ya ɗora wa mahaifiyarsa wannan don ya tsira da kuɗin gyara ba. Ita za ta yi maka, don uwa ce, kuma wataƙila ba za ta ma tambayi abin da aka rubuta ba. Shi ya sa nauyin yake wuyanka.

Ko ta fuskar lissafin duniya ma shawarar ba ta ɓulle ba. Makarantar da za ka je za ta ajiye fasfonka kusa da sakamakon sakandarenka. Fasfo yanzu NIN yake bi. Idan fasfo ya ce 2004, WAEC ta ce 2002, wanda ke duba takardun a Alƙahira bai san yaron da ya cike maka fom ba, abin da zai gani shi ne mutum biyu masu suna ɗaya. A cikin takardun nan kuma, NIN ce hukumarta ta buɗe ƙofar gyara a fili, da fom da kuɗi da ƙa'ida. Sakamakon jarrabawa da aka riga aka buga ya fi ta wuyar taɓawa nesa ba kusa ba. Wanda ke da hankali, mai motsi yake jawowa zuwa ga kafaffe, balle a nan kafaffen shi ne gaskiya.

Na san abin da ke jan matasa ga ragin shekaru, kuma ban raina shi ba. Wanda ya haura 30 kafin ya gama digiri ba ya zuwa bautar ƙasa. Aikin ɗamara da bankuna suna sa iyakar shekaru. Yajin aiki yana cinye wa ɗalibi shekara ɗaya ko biyu ba laifinsa ba. Duk gaskiya ne. Amma na yi shekaru ina aiki a sashen kula da ma'aikata, kuma abin da ba na mantawa shi ne wani dattijo da ya zo ajiye aiki. A aikin gwamnati, shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga, ita ke sallamar mutum. Da aka buɗe fayil ɗinsa sai ga ranar haihuwa biyu, ɗaya a takardar firamare, ɗaya a rantsuwar da aka yi masa yana saurayi. Aka ce ya zarce wa'adi, aka tsaya lissafin albashin da ya karɓa bayan lokacin da ya kamata ya tafi. Haƙƙinsa ya maƙale tsawon lokaci, yana zuwa yana zama a benci da fayil a hannu, ga iyali. Shekara biyun da ya ranta yana da ƙarfi, sai da ya biya ta lokacin da ba shi da shi. A wancan zamanin ma takarda ce a cikin kabad. Yanzu NIN da BVN da fasfo da rajistar JAMB duk suna duban juna ta kwamfuta.

Don haka ga yadda za ka bi. Ku je Babbar Kotun jiha ko Babbar Kotun Tarayya, kai da Umma. Na ce babbar kotu don rantsuwarta ce ba a cika mayarwa ba. Ku wuce masu tare mutane a bakin ƙofa, ku shiga ciki ku tambayi ofishin rantsuwa. Ku riƙe hoton fasfo naka da nata, da katin shaidarta. A rubuta cikakken sunanka, ranar haihuwa, garin da aka haife ka, sunan Baba da nata, da dangantakarta da kai, a kuma ambata cewa ba a yi maka rajista a lokacin haihuwa ba. Takardar da Turanci ake bugawa, saboda haka idan Umma ba ta karanta boko, haƙƙinta ne a karanta mata a fassara mata da Hausa kafin ta dangwala, a kuma rubuta a ƙasa cewa an yi hakan. Kada ka ji kunyar neman wannan. Ku biya a inda ake biya, ku karɓi rasit, lambar rasit ɗin tana daga abin da ke nuna takardar ta bi ta cikin kotu. Rantsuwar da aka kawo maka a waje, wadda mai rantsuwar bai ga kowa ba, ita ma 'yar'uwar takardarka ta dubu bakwai ce. Idan da wani dalili Umma ba za ta iya fita ba, baffanka ko kawunka ko wata gwaggo da ta halarci sunanka za su iya tsayawa. Abokinka ko sa'anka ba zai yi ba.

Kafin a buga, ka tsaya a kan rubutun sunanka. Wannan ƙaramin abu ya hana mutane da yawa tafiya. Muhammad da Mohammed da Muhammed a kunnenmu suna ɗaya ne, a kwamfuta kuwa mutum uku ne. Haka Abubakar da Abubakar Sadiq, haka wanda a wata takarda ya sa sunan unguwa ko gari a ƙarshe, a wata ya sa sunan kaka. Ka ɗauki sakamakon WAEC ɗinka ka kwafe sunan harafi bayan harafi, da jerin da ya zo, wane ne na farko, wane ne na tsakiya, wane ne na ƙarshe. Idan sunan da ke NIN ya saɓa, ka haɗa shi cikin gyaran da za ka yi, tafiya ɗaya.

Daga kotu sai NPC. Tun da aka ƙaddamar da tsarin rajista ta intanet a Nuwamban 2023, hukumar tana da shafin da mutum zai nemi atesteshan da kansa, ya ɗora takardar rantsuwa da hoto, ya biya ta intanet. Amma kai, saboda matsalar NIN ɗinka, ina ba ka shawarar ka fara zuwa da ƙafarka, ko ofishinsu na ƙaramar hukuma ko na jiha. Ka nemi ma'aikacin da ke zaune a teburi, ka gaya masa maganar yadda take: ranar da ke NIN kuskure ce, ga rantsuwa, ga WAEC, ina son atesteshan da ranar gaskiya don in kai NIMC a gyara. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin takardar NPC tana cikin abin da NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ke nema kafin ta taɓa ranar haihuwa. Abin da nake gudar maka shi ne ka ba mai shagon intanet ya cike maka, ya kwafo 2004 daga NIN ba tare da ya tambaye ka ba, ka wayi gari da takardar hukuma ta gaske mai ɗauke da ranar ƙarya. Wannan ta fi ta bogi wuyar warwarewa. Ko a ina za a cike, ka zauna kusa, ka karanta kowane gurbi kafin a tura.

Atesteshan ba kyauta ba ce, akwai kuɗin hukuma. Ka tambayi nawa ne a hukumance, ka biya ta hanyar da ke fitar da rasit da sunan hukumar. Duk wanda ya ce ka tura asusunsa na kansa, ko ya ce kawo in ƙarasa maka, ka ce masa ka gode. Idan aka ce na'ura ba ta aiki ko babu sabis, ka tambayi ranar dawowa da sunan ofishin da za ka bibiya, ka dawo. Da takardar ta fito, kada ka bar wurin sai ka duba suna, rana, wata, shekara, jinsi, wurin haihuwa, da sunayen iyaye. Kuskuren da aka gani a gaban teburi, a ranar ake maganinsa. Wanda aka gani a gida kuwa, sabuwar zarya ce.

Sai NIMC. Gyaran ranar haihuwa ya fi sauran gyare-gyare tsada, kuma ba a rana ɗaya yake fita ba, don sai an duba an amince. Abokinka bai yi ƙarya ba a nan. Amma sau ɗaya za ka yi shi ka huta. Ka ajiye rasit da duk wata shaida ta cewa ka shigar da buƙata. Kada ka je yin fasfo kafin gyaran ya bayyana, domin abin da ke NIN shi zai hau fasfo, kuma sauya bayanan fasfo wata doguwar hanya ce mai cin kuɗi. Bayan an gyara, ka leƙa bankinka a daidaita BVN, in ba haka ba wata rana asusunka zai ƙi motsi kana ƙasar mutane.

Yanzu maganar “wadda hukuma ta tabbatar”. Wannan kalma tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma ya kamata tun yau ka tambayi masu karɓar takardun wacce suke nufi, su ba ka amsa a rubuce. Wasu, takardar NPC ta asali kawai suke so. Wasu suna son kwafi mai hatimin hukumar da ta bayar. Amma takardar da za ta yi aiki a wata ƙasa, yawanci sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an buga mata hatimi, daga nan a kai ofishin jakadancin ƙasar da za a je su ma su buga nasu. Ga ƙasar Larabawa kuma, ana iya neman fassara zuwa Larabci daga mai fassarar da suka yarda da shi. A nan ma ka kula da yadda za a rubuta sunanka da harafin Larabci, ka ba mai fassarar da kanka, ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Saboda waɗannan hatimai, kada ka yi saurin kai takardar a manne ta da leda. A jikinta ake bugawa, wasu ofisoshin kuma ba sa karɓar wadda aka manne. Ka saya mata jakar roba, ka yi kwafi da yawa, ka ɗauki hotonta ka ajiye a imel ɗinka.

Wata uku zai isa? Kotu aikin yini guda ne. NPC kwanaki ne zuwa 'yan makonni idan komai ya tafi daidai. Inda nake jin tsoro shi ne NIMC, sai fasfo a bayanta. Shi ya sa ba za ka jira ba, cikin makon nan za ka kai Umma kotu. Ka kuma rubuta wa masu ba da gurbin karatun tun yanzu, ka ce ana gyara maka kuskure a ranar haihuwa, ga rantsuwa, ga rasit, ga atesteshan idan ta fito. Wanda ya faɗi matsalarsa da wuri da shaida a hannu, an fi sauraronsa a kan wanda aka gano saɓani a takardunsa ranar ƙarshe. Ba zan yi maka alkawarin za su jira ba. Idan har abin ya ƙi, aka rufe kafin ka kammala, zai yi ciwo, na sani. Amma za ka shiga shekara mai zuwa da takardun da bakinsu ɗaya, waɗanda za ka nemi wannan gurbin da waninsa da su. Idan kuwa ka tafi da 2004, kowace takarda da za ka samu nan gaba, digiri, lasisi, takardar aure, a kanta za a ɗora, kuma kullum gyaran ƙara tsada yake.

Mutumin sakatariya kuma, idan ka gane shi, ka sanar da shugaban ofishin NPC na wurin cewa ana tare mutane a ƙofa da sunan takardar haihuwa. Kuɗinka da wuya su dawo, kada ka ɓata kwanakinka a bin su. Faɗin dai zai iya tsare wata uwa da za ta zo gobe da kuɗin cefanenta.

Abu na ƙarshe, tunda za ka shiga ofishin nan, kada ka shiga kai kaɗai. Ka tambayi Umma cikin ƙannenka wa ke da takarda. Duk wanda bai kai 18 ba, takardar haihuwa ta sosai za a ba shi, ba sai an je kotu ba, uwa ko uba ko mai riƙo ne zai je da bayanan yaron, da nasa NIN ɗin shi babban, da katin rigakafin yaron idan akwai. Doka ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwa, kuma ta jarirai da ƙananan yara kyauta ce, ko a gida aka haihu ko a asibiti. Katin da asibiti ke bayarwa ranar sallama sanarwa ce kawai, ba ita ce takardar ba, sai an kai ta teburin NPC. Idan akwai mai jego a gidanku ko cikin 'yan'uwa, ranar da za a kai jariri allurar farko a tambayi ma'aikatan asibitin inda mai rajistar haihuwa yake zama. A rubuta sunan da aka raɗa ranar suna, ba Abba ko Ummi ko Walida da ake kira a gida ba, sai dai in shi ne sunan yanka.

Ka gaida Umma, ka ce mata lissafinta daidai yake. Idan kun dawo daga kotu, ka rubuto mini abin da aka ce maka a NPC, mu ga mataki na gaba.

Kawunka.